Abin da Na Yi wa Tijjani a Teburin Birij

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Muhsin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Yanbu lami lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na wuta, Ya haɗa ka da mutanen kirki a matatar man da za ka fara aiki.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san kana ji sarai, ko da yake tun kana firamare in na yi maka magana da Hausa, da Larabci kake mayar mini. Da da Larabci na rubuta, da a tsaye za ka karanta, ka ce "ɗayyib, Baba," ka cusa ta a aljihu. Hausa kuwa dole ka nemi wuri ka zauna.

Ummanka ta riga ta yi maka nata wa'azin a kan salla da abinci da irin matar da za ka kawo mana, ba sai na maimaita ba. Ka ce mini akwai kulob ɗin birij a unguwar ma'aikata, har ka ba da sunanka. A kan wannan zan yi magana, domin a teburin nan na tafka kurakuran da suka fi ci mini rai, kuma akwai wanda ban taɓa gaya maka ba.

Ummanka ta ce sai ta karanta kafin in naɗe. Shekara da shekaru tana kiran abin "kartar Dakta", wato ni, ba ta taɓa tambayar yadda ake yi ba, to ka yi haƙuri in yi mata bayani a gurguje. Mutum huɗu ne a tebur, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Kati goma sha uku ne a hannun kowa, saboda haka zagaye goma sha uku ake yi, wanda katinsa ya fi a zagaye shi ya ci. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi tayi kamar a kasuwa: kowane ɓangare ya faɗi ci nawa zai kawo, da dangin katin da zai zama hukum, wato mai doke sauran dangogi uku. Dangogin huɗu ne, daga ƙasa zuwa sama: shiriya, diman, has, sibit. Ta cikin tayin nan kaɗai aka yarda ka sanar da abokinka abin da ke hannunka. Wanda ya ce "huɗu" ya ɗauki alkawarin ci goma. Wanda ya ce "shida" ya ɗauki na sha biyu, shi ne ƙaramin silam. "Bakwai" kuwa duka sha ukun ke nan, babban silam. In ka cika alkawari ka kwashi maki mai yawa, in ka gaza ko da ɗaya ka tashi a tutar babu. Katin da aka raba a teburinmu shi ake kaiwa sauran tebura, a ga wa ya fi iya sarrafa shi, don haka ba maganar sa'a, kuma ba ko riyal ɗaya a ciki. Ranar da ka ga kuɗi a kan tebur, Muhsin, ka tashi. In an kira salla ka kife katinka. Da waɗannan sharuɗɗa biyu na shiga, da su nake so ka shiga.

Ka san kulob ɗinmu: tebur shida a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a bayan gari, ranar Juma'a bayan la'asar, Misirawa da 'yan Pakistan da 'yan Sudan da 'yan ƙasa biyu-uku, Dakta Fu'ad yana alƙalanci. Ka kuma san Ammu Tijjani, ko da yake ka daɗe ba ka gan shi a gidanmu ba. Bahaushen Sudan ne, kakansa ya taso aikin hajji a ƙasa bai koma ba. A unguwar Harra ta Gabas, a nan Madina, aka haife shi, aikinsa gyaran injinan ban ruwa a gonakin dabino, har Khaibar ake kiransa. Bai wuce aji shida ba a boko. A kantin maganin da nake aiki na san shi, yana zuwa karɓar maganin ciwon suga, ya ji ina waya da Hausa ya ce, "Ya zol, ashe kai namu ne." Shekara goma sha ɗaya muka yi muna fuskantar juna a tebur. Ban taɓa ganin mai riƙe kati a ka kamarsa ba. In aka yi zagaye biyar zai iya gaya maka abin da ya rage a hannun kowa.

Ni kuwa mutumin littafi ne. Tun a Zariya na haddace cewa ikka, wato babbar kowane dangi, maki huɗu ce, sarki uku, sarauniya biyu, walad mai bin ta ɗaya, kuma in ku biyu kuka haɗa talatin da uku to ku je shida. Aikina ma haka yake, awo da ƙirge, kaza miligiram sau kaza a rana. Sai na ɗauka kati ma haka ne.

A shekararmu ta farko aka raba mini hannu mai maki goma sha takwas, Tijjani ya nuna yana da kamar sha biyar, muka daidaita sibit ce hukum. Ka san yadda ake yi kafin silam: kowa ya ambaci dangin da yake da ikka ko sarki a ciki, daga ƙasa zuwa sama, kamar masu zagaya gida suna duba ƙofofi. Na ambaci shiriya. Tijjani ya tsallake diman ya ambaci has. Ma'anar tsallaken a fili take: ba shi da abin tsare diman. Ni ma sarauniya ce kawai gare ni a can da wani ɗan ƙaramin kati. Amma na riga na haɗa sha takwas da sha biyar a kaina, sai na ce shida, har ina gyara zama. Wani tsohon likitan haƙori da ke haguna ya ajiye ikkar diman, ya bi ta da sarkin diman, ko shayinsa bai huce ba aka gama da mu. Sauran tebura duk a huɗu suka tsaya.

Muna alwalar magariba Tijjani ya ce, "Ya Dakta, ai na gaya maka ƙofar diman a buɗe take."

Na ce, "Talatin da uku muke da shi. Littafi ya ce a je."

Ya yarfe ruwan hannunsa ya ce, "To littafin ne zai tare ikka?"

Ka riƙe wannan. Ƙirga maki farkon magana ne kawai. In ana zancen silam, ikka da sarki sun fi abin da littafi ya ba su, sarauniya da walad da ke warwatse ba su kai nasu ba. Kafin ka ce shida, ka bi dangi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka: ina za a iya cin mu sau biyu a jere? In akwai wurin, ka tsaya, ko da maki ya kai nawa. Kuma abin da abokinka bai ambata ba, shi ma magana ce ya yi maka.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Wajen wata takwas na yi ban sake cewa shida ba. Duk hannun da aka ba ni sai in samo dalilin tsayawa, ina kiran abin hankali. Har ranar da na ɗauki kati na ga maki goma sha ɗaya kacal: has guda shida da ikka da sarki a kansu, ikkar diman, shiriya kuwa ko ɗaya babu. Tijjani ya goya mini baya a has da ƙarfi, ya yi mini tayin gayyata. Na ce huɗu. Ya sake ɗagawa zuwa biyar, wato yana cewa in akwai wani abin kirki a hannunka mu je. Na dubi sha ɗayan nan na ce na wuce. Da ya shimfiɗa katinsa na ga ko ɗaya ba za mu rasa ba. Sha uku na kawo cif. Tebur huɗu cikin shida sun kira silam, mu muka zo na ƙasa, alhali ban yi kuskure ko ɗaya wajen bugawa ba.

A mota ina mayar da shi Harra, ya ce, "In ka daina silam ka gaya mini, in daina yi maka sallama sau biyu."

Hannun nan mai sha ɗaya ya fi wancan mai sha takwas nesa ba kusa ba. Dangin da ba ka da ko ɗaya a ciki, in hukum ya wadace ku, daidai yake da ikka a wurin, wani lokaci ma ya fi. Dogon dangi kuma shi ke kawo ci bayan manyan kati sun ƙare. Ka koyi ƙirga abin da za ka rasa, ba abin da ke ƙyalli a hannunka kaɗai ba. Kuma ka san tsoro ma kuskuren lissafi ne, sai dai shi ba ya ƙara, shiru yake cin mutum. Na fi son ka faɗi a silam ɗin da hujja ta kai ka, da ka zauna lafiya a huɗu kana yabon kanka. Ni na ga hali irin nawa a jikinka: in aka kwaɓe ka sau ɗaya, sai ka yi wata ba ka buɗe baki ba. A wurin aiki za a kwaɓe ka. Ka gyara abin da aka kwaɓe ka a kai, shi kaɗai, kada ka haɗa da bakinka gaba ɗaya ka rufe.

Abu na gaba ya fi waɗannan nauyi, don ba na rashin sani ba ne.

Duk shekara muna yin gasar kulob, Juma'a biyu a jere. Wata shekara muna kan gaba da ɗan kaɗan, saura hannu uku. Muka hau tayi har na yi wa Tijjani gayyatar silam. Ya tsaya. Ya dubi katinsa, ya rufe, ya sake buɗewa, ya fi minti guda. Sannan ya ce biyar, wato a tsaya nan. Doka ta ce abin da ya faɗa kaɗai zan yi aiki da shi, daɗewar da ya yi ba tawa ba ce. Amma duk mai wasa ya san wanda ya yi dogon tunani kafin ya ƙi, akwai ɗan wani abu a hannunsa. Hannuna bai kai na ƙarawa ba, na sani. Na ce shida. Ta ci. Abokan karawarmu sababbi ne, ba su san suna da ikon kiran alƙali ba.

Ina cikin murna na ga Tijjani ya ɗaga hannu. Dakta Fu'ad ya zo. Tijjani ya ce masa da Larabci, "Na daɗe ƙwarai kafin in ce biyar. Ka duba hannun abokina, ka ga ko shida ta halatta gare shi."

Aka duba. Aka mayar da tayinmu biyar. Muka ƙare na uku.

A mota na balbale shi da faɗa. Na ce ba wanda ya yi ƙara, ba wanda ya lura, wane irin mutum ne ke kai ƙarar kansa? Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Dakta, ba tayina ka ji ba, shiruna ka ji. In na karɓi kofin nan, ina zan ajiye shi? A ɗakin da nake salla?"

Sati biyu na yi ina fushi. Yau ina gaya maka shi ke da gaskiya. Abin da ya zo maka ta hanyar da ba a yarda ba, ko numfashin abokinka ne, ko yamutsa fuskarsa, ko katin wani da ya karkato ka hango, ka yi kamar ba ka gani ba, har ma ka zaɓi abin da ya saɓa masa in da hali. In kai ne ka yi jinkirin, ka riga kowa faɗa. Wata rana a matata za a miƙo maka takarda ka sa hannu cewa ka duba abin da ba ka duba ba, a ce maka ba wanda zai sani. Mutumin da ya saba ɗaga hannu a kan kansa a wurin wasa, ba zai sha wuya ba a ranar.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya maka ba. Ka taɓa tambayata me ya sa Ammu Tijjani ya daina zuwa, na ce maka aiki ne ya yi masa yawa a Khaibar. Ƙarya na yi maka.

Shekara uku ke nan. Gasa ce kuma. Aka ba ni hannu mai kyau, ikka biyu, sibit biyar da sarki a kansu, Tijjani ya goya baya. Na yi tayin da ke tambayar ikka nawa gare ka. Ya amsa biyu. Biyu da biyu huɗu, ban ƙara tambayar komai ba na ce bakwai. A shekara goma sha ɗaya sau uku kacal muka taɓa kiran babban silam. Na hagu ya ajiye ikkar has a tebur, yana murmushi. Tijjani ya shimfiɗa katinsa, ikka ɗaya ce. Inda ya zaci ikkar has ce, huɗun has ce. Muka faɗi da ci biyu.

Muhsin, na ɗaga murya har tebur shidan nan suka yi tsit. Da Hausa na fara, da a nan na tsaya da ba wanda ya ji sai shi. Sai na juya Larabci. Na ce mutumin da bai iya bambance ikka da huɗu ba me ya kawo shi cikin likitoci da injiniyoyi. Na ce wasan nan ba na masu gyaran famfo ba ne.

Tijjani ya tattara katinsa ya mayar a ma'ajinsa. Saura hannu bakwai, ya buga su duka, bai yi kuskure ko ɗaya ba, yana kai kowane kati kusa da hancinsa kafin ya jefa. Da aka tashi na nufi mota, ya ce, "Ka je, Dakta, zan bi Dakta Fu'ad." Bai sake zuwa ba.

Bayan wata biyu matarsa ta gaya wa Ummanka a Harami cewa sugan ya taɓa masa ido, tun kafin ranar yake gani dishi-dishi, yana ɓoyewa don kada in nemi wani abokin. Ni ne mai ba shi maganin sugan nan da hannuna duk wata. Na san abin da ciwon ke yi wa ido, ina gaya wa baƙi a kanti kullum su je a duba su. Na ga yana kai kati kusa da fuska tun watanni, ban tambaya ba. Da na ji labarin ma ban je ba. Na ce sai ya huce. Daga nan na ce an daɗe, zuwa yanzu zai zama tonon tsohon miki. Shi kuma ya koma karɓar maganinsa a wani kanti. Sai na jawo ka na zaunar a kujerarsa, kana murna Baba ya ga ka isa.

Abokinka zai yi kuskure, ba makawa, kamar yadda kai ma za ka yi. In ya yi, ka ce "ma'alesh", ba komai, ka ɗauki kati na gaba. In akwai magana, a mota, ku biyu, bayan an ci abinci. Kuma kafin ka tambaye shi me ya sa ya yi haka, ka tambaye shi ko lafiya. In kuwa bakinka ya riga ka, kada ka kwana biyu ba ka je ba. Ba haƙurin ne ke da wuya ba, jinkirin ne ke mayar da shi dutse.

Kai ma ban bar ka ba. Shekara ukun da muka yi tare, kusan duk silam ni nake yanke hukunci, ko da kai ne ke riƙe da hannun da ya kamata ya ja tayin. Ka tuna ranar da ba ka da shiriya ko ɗaya, kana hawa a hankali don ka ji inda ƙarfina yake, na katse ka na yi tambayar ikka na kai mu shida a dangin da bai dace ba? Kallona kawai ka yi. Haka kuma na yi maka da aikin nan. Ka samu Yanbu da guminka, iƙamarka, takardar izinin zama, ta kanka, ni kuma na zagaya ta baya na roƙi wani abokina ya samo maka wuri a nan Madina, ban shawarce ka ba. Da ka ji, ka same ni a falo bayan azahar ka yi mini magana da Hausa, abin da ka yi shekaru ba ka yi ba. Ka ce, "Baba, kai ka koya mini wanda ya fi ganin hanya shi ke jan tayi. Wannan hannuna ne." Hausarka ta karkace, amma maganar ta miƙe. Na kira abokin nawa a gabanka na janye. Ina so ka sani ban janye don na rasa yadda zan yi ba. Ka tafi da yardata cikakkiya. In Ummanka ta yi kuka ranar Asabar, kada ka sauke jakarka, ni zan lallashe ta.

Maganarka ce ta tashe ni. Na ce in yaron da na haifa zai iya tsayawa a gabana ya faɗi gaskiya da harshen da ke yi masa nauyi, ni me ya hana ni hawa mota zuwa Harra?

Ranar Litinin da ta wuce na je bayan la'asar. Na ajiye mota a bakin titi na shiga lungunan da ƙafa, na ɓata sau biyu, don an rushe gidan da nake kwatance da shi. Yana zaune a ƙofar gida a kan tabarma, da tabarau mai kauri. An yi masa aiki a ido ɗaya, ɗayan ya tafi. Na yi sallama. Ya gane muryata, ya amsa, bai miƙo hannu ba. Na tsuguna na ce, "Tijjani, na ci mutuncinka a gaban mutane, kuma na yi shekara uku ban zo ba. Ba ni da hujja. Ka yafe mini."

Ya ce, "Za ka sha shayi?"

Aka kawo shayi da na'ana'a. Muka sha, ya tambayi Ummanka, ya tambaye ka. Maganar yafiya bai taɓa ta ba. Da zan tafi na ce zan dawo gobe. Ya ce, "Hanya ta Allah ce."

Na koma Talata. Muka yi hirar dabino da tsadar kayan inji, na tashi. A hanya na yi wa kaina alkawari ko wata shida zai ɗauka ina zuwa, zan yi ta zuwa. Ranar Laraba ina zama, ko gaisawa ba mu gama ba, ya ce, "Sibit nawa ke hannunka ran nan?"

Na ce, "Biyar."

"Ni uku. Takwas ke nan. Sarauniyar tana ina?"



Ya ce, "Tana hagunka, da 'yan rakiya biyu. Ita ta ci mu na biyu. Ko da ikkata biyu ce da gaske, bakwai ɗinka faɗuwa za ta yi. Da na faɗi daidai ma, shida za ka ce, ita ma ta faɗi. Kana da tayin tambayar sarauniyar hukum, ni na koya maka shi. Ba ka tambaya ba."

Muhsin, shekara uku ina ɗauke da hannun nan a kaina a matsayin kuskuren Tijjani wanda na tsananta a kai. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina ina ci na biyun ya tafi ba. Na ce, "Wallahi haka ne. Me ya hana ka faɗa a ranar?"

Ya ce, "A gaban mutane? Ni ba na yi wa abokina haka."

Na rasa inda zan sa fuskata. Sai ya miƙo hannu ya lalubo nawa ya riƙe. Ya ce, "Halas, ya wuce. Amma a wurin da ka faɗa, a can za ka janye."

Na ce, "Da Larabci, a tsaye, kafin a raba kati."

Ya ce, "To ka zo ka ɗauke ni Juma'a. Ka gaya wa Fu'ad ya nemo kati mai manyan lambobi."

Na riga na samo katin da kaina, kwali goma sha biyu, na kai wa Dakta Fu'ad jiya, na kuma gaya masa ina son minti biyu kafin a fara. Gobe ke nan. Ina so ka zo, ba don ka yi wasa ba, ka tsaya a baya ka ji abin da ubanka zai faɗa. Mun kuma ba da sunanmu a gasar bana, ni da shi. Ido ɗaya gare shi, ni kuma ga halina, amma za mu shiga, kuma in hujja ta kai mu bakwai za mu ce bakwai.

Can Yanbu, kada ka zaɓi abokin wasa don takardunsa. Ka zauna da mutane daban-daban wata ɗaya ko biyu, ka lura da wanda in an faɗi yake fara duba nasa hannun. In ka same shi ka riƙe shi da kyau, ka san gidansa, ka san abin da ke damunsa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi ni haƙuri da saurin gane kuskure. Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya kare ka a hanyar nan mai manyan motoci, kada ka yi tuƙi kana jin barci. Ya ba ka halal mai albarka, Ya nisanta ka da abin kunya, Ya dawo mana da kai wannan gari mai alfarma kana mai ɗaga kai. Na damƙa ka amanar Allah, wanda abin da aka ba Shi ajiya ba ya ɓata. Ka kira Ummanka da zarar ka sauka, kafin ka kira ni.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
Abdulƙadir
Madina, ranar Alhamis